Kama Da Wane Ba Ta Wane: Darasi Daga Sentin Amurka Na 1955

A duniyar masu tara tsofaffin tsabar kuɗi, kuskure ya fi daidai tsada. Sentin Amurka na shekarar 1955, mai ɗauke da hoton Shugaba Lincoln, shi ne babban misali. Wanda aka buga daidai ba ya da wata daraja ta a zo a gani, amma wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu yakan haura dala dubu ko da ya sha hannu. To sai dai akwai wani na wannan shekarar da ke kama da shi, wanda masu sana'ar ke yi wa laƙabi da "na talaka", kuma 'yan daloli kaɗan ke sayensa. Me ya raba su?

Amsar tana cikin yadda ake ƙera hatimin ƙarfen da ke buga kuɗin. Akwai uwar hatimi mai ɗauke da zanen a tudu. Ita ake dannawa a kan ƙarfe don a samar da hatimin aiki. A wancan zamani ba a gamawa da danni ɗaya. Sai an gasa ƙarfen ya yi laushi a sake dannawa. Idan aka ɗan goce a danni na biyu, zane biyu ne za su zauna a jikin hatimin. Haka ta faru a gidan buga kuɗi na Filadelfiya, kuma ana ƙiyasta cewa tsakanin 20,000 zuwa 24,000 ne suka shiga hannun jama'a. Duk kuɗin da wannan hatimi ya buga, aibinsu iri ɗaya ne sak, domin da shi aka haifi hatimin.

Na talaka kuwa tsufa ne ya kawo shi. Hatimin da ya yi bugu dubun dubata yakan zaizaye, ƙarfe na malala zuwa baki, har wata inuwa ta bayyana a gefen lamba, musamman 5 ta ƙarshe. Kowane hatimi yana tsufa, don haka irin wannan ba ya wuyar samu, abin da ba ya wuyar samu kuwa ba ya tsada.

Mai gilashin ƙara girma zai iya bambance su. Ninki na ainihi yana da tsabta: haruffa biyu ne masu tudu, kusan tsayinsu ɗaya, ƙarshen kowane harafi a tsage, kaurinsa ya ƙaru. A sentin 1955 ido ma kaɗai na ganinsa a shekarar da kalmar LIBERTY. Na zaizaya kuwa dishi-dishi yake, ba shi da iyaka, yana karkata wajen baki, fuskar kuɗin kuma ta yi kaushi kamar ɓawon lemo. Akwai na uku, wanda girgizar inji ke jawowa lokacin bugu: shi a baje yake kamar matakala, yana rage kaurin harafi maimakon ya ƙara.

Sentin 1969 na San Faransisko ya ƙara mana wata dabara. A lokacin da hannu ake buga harafin S a jikin hatimi bayan an gama ƙera shi. Saboda haka a na ainihi shekara da rubutu ne ke ninkuwa, S ɗin yana nan guda. In ka ga har S ya ninku, to ka yi zargin inji.

Mai karatu, duk wanda ya tallata maka "kuɗin kuskure" a intanet, nemi ya nuna shaidar kamfanonin tantancewa irin su PCGS ko NGC, ka kuma gwada shi da hoton sanannen bugun, alama bayan alama. Idon da ke kwaɗayin arziki ba ya rasa ganin abu biyu inda ɗaya ne kawai, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.