Ƙwallon da Ya Fara Magana: Ribar Bounce Tales da Asararsa

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. A wajen masu ƙirƙirar wasannin salula kuwa, gado kaɗai ba ya wadatarwa. Ana so magaji ya ɗauko kamannin na farko har a gane shi, sa'an nan ya zo da abin da na farkon bai da shi. Da wannan ma'auni ya kamata a auna Bounce Tales, wasan da kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya shirya wa Nokia a 2008, shekara guda kafin ya fitar da Angry Birds. Magajin Bounce ne, wasan nan na jan ƙwallo mai tsalle da ke zuwa cikin tsofaffin wayoyin Nokia.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kawo wasan yara cikin mujallar masu nazarin harshe. A garuruwa irin su Bune, cikin gundumar Gure, na'urar wasa irin ta Game Boy ba ta taɓa zama kayan gida ba. Salular uba ko ta yaya ita ce na'urar, yara kuma kan yi layi a kanta, wani Mangaranci ne harshensa, wani Hausa, wani Fulatanci. Wasan da ya haɗa waɗannan yara a kan ɗan gilashi guda dole ne ya yi musu magana ta wata hanya. Yadda ya yi maganar shi ne abin da ya shafe mu.

Bounce na farko kusan bebe ne. Matakai 11 gare shi, ba labari, ba hira. Akwai ƙwallo, akwai zobba da sai an ratsa su duka ƙofar fita ke buɗewa, akwai ƙaya mai fasa ƙwallon da zarar ya taɓa ta. In aka hura ƙwallon ya girma sai ya taso saman ruwa, in ya ƙanƙance sai ya nutse. Ba wanda ya rubuta wa yaro waɗannan dokoki. Da ido da yatsa yake gano su. Gani ya kori ji. Alamomin wasan sun yi kama da abin da suke nufi, don haka wanda bai taɓa shiga aji ba da ɗalibin jami'a matsayinsu ɗaya a gabansa.

Babbar ribar Bounce Tales ita ce ya faɗaɗa wannan harshe marar kalmomi. Ƙwallon ya sami siffofi uku. Akwai jan nan na asali, matsakaici a nauyi da tsalle. Akwai Bumpy, dunƙulen dutse mai nauyi da ke rushe shinge amma ba ya tsalle mai nisa. Akwai Wolly, marar nauyi, mai tashi sama. Wanda ya karanci tsarin aikatau na Hausa da Parsons ya kasa aji bakwai zai ga wani abu da ya sani a nan. Saiwa ɗaya ce ke ba da saya da sayo da saye da sayar. Sauyin siffa ne ke sauya aikin kalma a cikin jumla. Haka ƙwallon nan: shi ne dai, maɓallan ma su ne dai, amma gangaren da ja ke hayewa cikin sauƙi kan zama wahala ga dutse, katangar da ta gagari ja kuma dutse ke ragargaza ta. Wasan farko jerin kalmomi ya koya wa yaro. Na biyu ya ƙara masa nahawu.

Akwai kuma ribar tsari. Babi 12 ne, da ƙarin babi 3 da ake buɗewa ta hanyar tara ƙwai da aka warwatsa a hanya, wasu a fili, wasu a ɓoye. Wannan ya sa wanda ya gama wasan yake da dalilin komawa. Ƙasa ta daina zama tubala masu kusurwa, ta koma tuddai da kwaruruka, ƙwallon kuma yana gangara da nauyin da hannu ke ji. Launi ma an ba shi aiki: mugun labarin, Hypnotoid, injuna ya kafa suna zuƙe launin duniya, saboda haka dusashewar wuri ita kanta saƙo ce cewa akwai ɓarna a kusa. Nan ma ba a bukaci kalma ko ɗaya ba.

Inda wasan ya yi tuntuɓe shi ne inda ya buɗe baki. Sunansa ya yi alkawarin tatsuniya, ya kuwa kawo ta, amma a rubuce, cikin ƴan akwatunan magana da ke katse wasa. Wayoyin da ke zuwa hannun mutanenmu daga kasuwannin Damagaram ko daga tsallaken iyakar Najeriya, Faransanci ko Ingilishi suke nuna wannan rubutu. Yaron da bai yi nisa a makarantar boko ba sai ya danna maɓalli ya wuce. Bai san cewa dutsen da ya yi faɗa da shi aboki ne da aka juyar wa hankali ba, bai san dalilin tafiyar ba. Daidaiton da wasan farko ya shimfiɗa ya karye: yanzu akwai mai fahimta, akwai mai dannawa kawai. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ta taɓa neman takardar shaida kafin a saurare ta ba.

Rauni na biyu ya shafi haɗari. A wasan farko rayuka ƙidayayyu ne, in sun ƙare an gama. A na biyu, duk yawan faɗuwar ɗan wasa, mayar da shi ake yi wuri na kusa ya sake gwadawa.   

Masu kare wasan suna da hujja, kuma adalci ne a ji ta. A wurin da sai an kai salula wajen mai caji an biya, kuma yara biyar ke jiran waya ɗaya, wasan da ke mayar da mutum farko saboda kuskure guda zalunci ne. Sassaucin Bounce Tales ya dace da irin wannan rayuwa. Na yarda da wannan game da rayuka. Ban yarda da shi game da rubutu ba, domin a can ba sassauci aka yi ba, ƙofa aka rufe.

Hukuncina shi ne magajin ya fi uban a ƙira, uban kuma ya fi shi a adalcin harshe. Darasin bai tsaya kan Nokia ba, wadda zamaninta ya wuce. Wasannin wayoyin yau sun fi wancan yawan rubutu nesa ba kusa ba. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, amma doka ba ta fassara ko akwatin magana guda. Aikin namu ne: mu daidaita kalmomin mataki da maki da rai da maɓalli, mu koyi cusa Hausa cikin ɗan fili ba tare da ta gurgunce ba, mu kuma tuna cewa yaron Bune yana iya zama Bamange, wanda shi ma yake da haƙƙin jin labari da harshen uwarsa. Wanda kuma zai ƙirƙiro mana wasa nan gaba, ya fara da tambayar kansa ko alama za ta iya isar da saƙon. In ba za ta iya ba, to ya rubuta shi da harshen da mai riƙe da wayar yake ji.