Farashin Amfanin Gona: Wa Zai Faɗa Wa Manomi?

Cikin 1954 Gwamnatin Jihar Arewa, wadda mazauninta ke Kaduna, ta kafa hukumar sayen amfanin gona ta Arewa. A kowace shekara hukumar kan yanka farashin gyaɗa da auduga kafin a buɗe ciniki, a yi shela, masu lasin su saya a kansa. Lalle sau da yawa kuɗin bai kai na kasuwar duniya ba, amma dai manomi ya san abin da zai karɓa.

Da aka rushe irin waɗannan hukumomi cikin 1986, sai shelar ta tafi tare da su. Yau mai masara a karkara ba ya jin yadda buhu ya kwana a kasuwar Kawo sai daga bakin dillalin da ya zo saye.

Maganin da ake nema shi ne kasuwar hajja mai rajista, watau inda ake cinikin hatsi da takardar sito, har a ƙulla yau a kan kayan da za a miƙa bayan watanni. An mai da kasuwar hannun jari ta Abuja irin wannan cikin 2001, kamfanin AFEX ya biyo cikin 2014, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta ƙarfafa ikon hukumar SEC a kansu.

To, amma wa ke da ikon watsa farashin da aka ƙulla a ciki? A Amurka kasuwar hatsi ta Cikago ta kai ƙarar waɗansu shaguna masu ɗaukar farashinta suna caca da shi ba tare da an miƙa ko ƙwaya ba. Cikin 1905 Kotun Ƙoli ta ce farashin mallakar kasuwar ne, tana iya hana shi wanda ta ga dama.

Mu a ganinmu hana caca daidai ne. Malamanmu ma sun halatta sayen abin da bai zo ba ne in an san awo, da iri, da ajali, aka kuma biya kuɗi tun farko. Amma tsare farashi daga ɗan caca daban, ɓoye shi ga mai noma daban. Ya kamata doka ta wajabta wa kowace kasuwa ta faɗi farashin rufewa kullum, da Hausa, a rediyo, kyauta. In ba haka ba, manomi ya koma hannun 'yan baranda, sai dai wannan karon suna da rajista.