Lasisin kamun kifi: a karɓi kuɗin baƙo, amma a ba shi rasit

A yankin Tanda da ke gundumar Gaya a jihar Doso, kogin Isa ne ya raba Nijar da Benin, kuma daga Gaya ruwan ke gangarawa ya shiga jihar Kebbi ta Najeriya. Tun kafin a shata iyakokin nan Sarkawa da Kabawa ke bin kifi daga Yawuri da Argungu su hauro wannan yanki, masuntan Dandi su ma su gangara. A yau wanda ya zo su daga wata ƙasa baƙo ne a idon doka, sai ya yanki lasisi, kuma kuɗinsa ya fi na ɗan ƙasa.

Ba mu ga laifin wannan bambanci ba. Dokar kamun kifi ta ɗora wa hukuma kula da albarkatun ruwa, kuma ɗan ƙasa ne ke zama da kogin rani da damina. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai nauyin da ke kan baƙon masunci ya ƙaru ƙwarai, ko da ba a taɓa farashin takardar ba. Tun da Najeriya ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Masuncin Kebbi da naira yake sayar da kifinsa a gida, lasisi kuwa da sefa ake biya. Ga man injin jirgi da ya yi tsada bayan janye tallafi, ga rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya dagula cinikin kifi a gaɓa biyun.

Idan takarda ta fi ƙarfin mai kwalekwale, ba ya daina su. Zai fita da dare, ko ya saya wa kansa hanya da ɗan abin hannu. Baitulmali ta yi asara ke nan, kogi ma ya yi. Mutumin da ba ya cikin rajista babu mai duba ragarsa, shi ne zai shimfiɗa mai ƙananan ido ta kwashe ’ya’yan karfasa da tarwaɗa kafin su girma.

Akwai kuma batun ramuwa. Masuntan Nijar suna zuwa ruwan maƙwabta, kuma abin da aka yi wa baƙo a Tanda shi za a yi musu a can. Wannan yanki ya san tsadar rikicin ruwa: sai a ranar 12 ga Yulin 2005 kotun duniya da ke Heg ta raba gardamar tsibirin Lete, ta ba Nijar shi.

Don haka muna kira ga ma’aikatar muhalli da hukumomin Gaya da su liƙa farashin lasisi na ɗan ƙasa da na baƙo a kowace tashar jiragen ruwa, cikin Hausa da Dandanci, a kuma sanar a gidajen rediyon karkara. Kowane biya ya kasance da rasit. A fito da lasisin wata ɗaya ko uku domin masu zuwa lokacin janyewar ruwa kawai. Duk wani ƙari da za a yi, a fara zama da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta, a kuma bayyana wa jama’a abin da aka tara da inda ya tafi.

Nijar da Benin da Najeriya duk suna cikin Hukumar Raya Kogin Neja mai mazauni a Yamai. Can ya kamata a kai maganar daidaita kuɗin lasisi da girman idon raga, tun kafin a samu saɓani tsakanin jami’in gandun daji da masunci a tsakiyar ruwa.