Dutsen Bagzam na jiran ƴan ƙasa

Wanda ya tashi a Madarumfa, tsakanin tabki da gonakin gero, da wuya ya yarda cewa a ƙasarmu akwai tudun da ya haura mita dubu biyu. Alhali kuwa ƙololuwar Idukal-n-Tagas, bisa dutsen Bagzam na Abzin, ta kai mita 2022, kuma babu wurin da ya fi ta tsawo a duk Nijar. Tun kaka da kakanni a ƙafa ake hawanta, jakuna na ɗauke da ruwa da guzuri, ja-gora na gaba. A can bisa akwai ƙauyukan Abzinawa da lambunansu, ga sanyi mai tsanani in hunturu ya kama.

Shekaru da dama Turawa ne ke wannan hawa, kuma da kuɗinsu ja-gorori, masu raƙuma, direbobi da maƙeran azurfa na Agadas ke ciyar da iyalansu. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gado na duniya, amma shekara guda bayan haka ta lissafa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kori baƙi, na 2007 zuwa 2009 ya ƙara korarsu, sannan sace ma'aikata a Arlit cikin Satumba 2010 ya kusa rufe hanyar. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a garin Agadas.

Abin lura shi ne, sana'ar da ta dogara ga baƙo kaɗai, ranar da baƙo ya ɗauke ƙafa ta faɗi. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Mu kuwa kuɗin waje muka hanga, muka manta da ɗan gida.

A nan Madarumfa na da darasin da za ta bayar. Masu ziyarar tabkinta da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi ba daga Turai suke zuwa ba: mutanen Maraɗi ne, da na Katsina, da sauran maƙwabta. Ashe ɗan ƙasa yana tafiya in ya san darajar wurin da za shi. Abzin kuwa ba baƙon wuri ba ne gare mu, domin tarihin Gobirawa ya nuna can suka zauna kafin su gangaro kudu.

Saboda haka ya kamata hukuma ta tabbatar da tsaron hanya tukuna, domin ba a tura ɗan kowa inda rai ke cikin haɗari. Bayan haka makarantu da ƙungiyoyin samari su shirya tafiye-tafiye lokacin hutu, kamar yadda bikin samarin ƙasa ke haɗa ƴaƴan jihohi a zamanin Samariya, a kuma yanka farashin da malamin makaranta zai iya biya. Ranar da ɗan Madarumfa ya tsaya bisa Bagzam, ja-goran Abzin ya samu abokin ciniki wanda ba ya jiran jirgin Faransa.