Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: darasi daga fim ɗin Titanic

Jama'a 'yan kasuwa, maza da mata, da yawa daga cikinmu mun kalli Titanic, fim ɗin nan na Amurka da ya fito a 1997. Mun ga jirgi ya tsage biyu, mun ga ruwa yana cin mutane. To, kaso mai yawa na wannan ruwa da taron mutanen da ke kan jirgin, kwamfuta ce ta zana su. Kowace daƙiƙa guda ta fim hoto 24 ce, kuma kowane hoto sai na'ura ta zauna ta lissafa haskensa da inuwarsa.

A wancan zamani, manyan na'urorin kamfanin Silicon Graphics ne ke riƙe da wannan kasuwa, ga su da ɗan karen tsada. Kamfanin Digital Domain, wanda ya yi aikin, yana da irinsu, amma ba su ishe shi ba. Maimakon ya ƙaro masu tsadar, sai ya sayo na'urori 160 ƙirar Alpha, ya sa wa 105 daga ciki manhajar Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991 ya bar wa duniya kyauta. Aka haɗa su da waya, suka raba aiki kamar 'yan gayya a gona.

Sauran kamfanoni suka bi sahu. Fim ɗin Shrek na 2001 ma da Linux aka lissafa hotunansa. Shi kuwa Silicon Graphics ya karye a 2006, ya sake karyewa a 2009, aka sayar da shi.

Mu a ganinmu, akwai darasi a nan. In za mu saya wa yaro kwamfuta don lakkal, ko don lissafin shago, kada suna ya ruɗe mu. Mu tambaya: wane aiki za ta yi? Akwai mai gyara kusa? Ana samun kayanta a kasuwar Maraɗi ko Damagaram? Gaskiya ne araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce nagarta ba.

Kuma kada mu ɗaure wuyanmu ga dillali guda, don ranar da ya faɗi, da mu zai faɗi. Ita kuwa Linux da aka raina, yau ita ce ginshiƙin Android da ke cikin salular da muke ciniki da ita. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.