Taga Mai Ƙirji a Sababbin Gidajenmu: Ado Ce Ko Wurin Zama?

Duk wanda ya biyo hanyar da ta taso daga Koko ta ratsa Mahuta ta nufi Dabai, in dai mai lura ne, zai ga wani sabon salon gini ya fara ɓullowa a tsakanin gidajen bulo da ake ɗorawa a bakin titi. Abin da nake nufi shi ne irin tagar nan da ba ta kwanta daidai da bango ba, sai dai bangon ya turo waje ya yi fuska uku, kowace fuska da gilashinta, kamar zakara ya buɗe ƙirji zai yi cara. Na tambayi magina sunanta, kowa ya ba ni na Turanci. Tun da yake mu a wannan sashe aikinmu ke nan, na ga ya dace in laƙaba mata suna da kaina, in kira ta taga mai ƙirji, kafin malamai su samo mata wanda ya fi wannan.

Yadda ta iso mana ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Zuru ƙasa ce da ta yi suna wajen ba da 'ya'yanta aikin soja, ga kuma ma'aikatan gwamnati da suka ƙaru tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Mahuta kuwa ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Fakai. Mutum ya yi shekara talatin yana yawo tsakanin Kaduna da Legas da Abuja, idonsa ya ga gidaje iri-iri, ran da ya yi ritaya ya komo gida sai ya ce wa magini shi ma irin wancan yake so. Wasu kuma sukan gina don haya, ciki da falo ko ɗaki biyu da falo, su liƙa tagar a gaba don ta ja idon mai kama haya. Ban ga laifin kowa ba a nan. Inda nake da magana shi ne abin da ke faruwa a bayan gilashin, wato a cikin ɗakin.

A hutun da ya wuce na sauka gidan wani kawuna da ya yi irin wannan gini. Falon yana da kyau ba laifi, amma da rana tsaka sai da aka kunna fitila kafin in ga fuskar wanda nake gaisarwa, domin an zuba wani labule mai kauri tun daga sili har ƙasa, ya shafe tagar baki ɗaya. Da na ɗaga labulen, abin da na tarar a gurbin shi ne tsohuwar tayar babur, da jarkoki biyu, da buhun da ɓera ya riga ya raba da abin da ke cikinsa. Wuri ne mai faɗin ƙafa 6, ya turo waje ƙafa 2, an kashe masa bulo da siminti da rodi da gilashi, ya ƙare a matsayin juji. A gidan nan kuwa akwai yara uku 'yan makaranta da suke kwanciya rubda-ciki a kan daɓe in za su yi aikin gida, uwargida kuma kan fitar da keken ɗinkinta tsakar gida don ta ga ramin allura.

Ra'ayina shi ne, wannan gurbi ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda muke zato, kuma mun san abin da ake yi da irinsa tun kafin zuwan bulo. Bangon tubali na ginin gargajiya yana da kauri ƙwarai, musamman daga gindi, shi ya sa magini kan iya rarake shi ya fitar da alkuki, inda ake ajiye fitilar aci-balbal, da tawada, da Alƙur'ani, da ɗan kwalli da turare. A ƙofar gida kuma ga dakali, wanda ba kujera ba ce da aka sayo, jikin ginin ne da kansa ya miƙo ya zama wurin zama. Maginan da suka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba su ɗauki bango a matsayin abin tare ido kawai ba. A ƙasarmu ta Zuru ma, wanda ya taɓa leƙa rumbun Dakarkari ko na Fakkawa ya ga yadda ake tsaga cikinsa gida-gida, dawa da wurinta, wake da nasa, ya san mutanen nan ba su barin tafin hannu guda na gini ya tafi a banza. Da bulo mai inci 6 ko 9 ya zo, sai bango ya sirance, alkuki ya rasa wurin zama, ya ɓace ba tare da an yi masa ko ta'aziyya ba. To taga mai ƙirji, in an dube ta da idon basira, alkuki ce da dakali suka haɗu wuri guda, aka ƙara musu haske.

Kalmar taga ita kanta ta isa shaida. Daga Larabci muka aro ta, kuma a can asalinta tana ɗauke da ma'anar kafar da haske ke shigowa da kuma gurbin da ake ajiya a jikin bango. Larabawan ma suna da tasu tagar mai ƙirji tun da daɗewa. A tsohon birnin Alƙahira ana kiranta mashrabiyya, sunan da masana da yawa ke dangantawa da sha, saboda a nan ake jera tuluna iska ta riƙa ratsa su ruwa ya yi sanyi. A tsohuwar unguwar Jidda, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ana kiransu rawashin, kuma alhazanmu da yawa sun wuce ta ƙarƙashinsu ba su ɗaga kai ba. Katako ne aka sassaƙa aka saƙa shi kamar raga, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Hasan Fathi, maginin nan na Masar wanda ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna a shekarun 1940, ya yi ta jan hankalin mutanensa cewa irin wannan taga ta fi dacewa da ƙasa mai zafi bisa ga faffaɗan gilashin Turawa.

Mu kuwa ta Ingila muka kwaikwayo, ba ta Masar ba. Turawan Ingila sun yawaita ta a gidajensu a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, dalilinsu kuma a fili yake: ƙasa ce mai sanyi da gajimare, rana ba ta hawa sama sosai da hunturunsu, sai suka turo gilashi waje don su kamo ta ta fuska uku. Mu a Mahuta wa ya ce muna neman rana? A watan Maris da Afrilu gudunta muke yi. Zanen aro ba ya rufe katara. (Wani abin dariya, daga 1696 zuwa 1851 gwamnatin Ingila ta riƙa karɓar haraji a kan yawan tagogin gida, har mutane suka riƙa toshe nasu da bulo don su tsira. Mu ba wanda ya ɗora mana haraji, da kuɗinmu muke sayen labulen da muke toshe namu.)

Saboda haka maganar amfani da gurbin tana farawa ne tun ran da aka ja igiyar harsashi, ba ran da aka shigo da kujeru ba. Tagar kawuna yamma take kallo, shi ya sa daga azahar zuwa la'asar sakaliya gurbin ke zama tanderu, labulen kuma dole ce ta sa shi. Gabas ma tana da nata, domin daga can hadarin farkon damina ke tasowa da iska mai ƙarfi, kuma duk tsohon magini ya san bangon gabas shi ke fara zaizayewa. Abin da ya fi shi ne taga ta kalli kudu ko arewa. A inda muke rana kan bi ta saman kai ne, ta ɗan karkata kudu da hunturu, ta ɗan karkata arewa da damina, don haka 'yar rumfa ko bakin kwano da ya zarce ƙafa 2 ya isa ya tare ta. Kudu ta fi, saboda iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma take busowa, ƙurar hunturu kuwa daga arewa maso gabas.

In an sami wannan, sauran aikin na kafinta ne ko birkila, kuma ba mai tsada ba ne. A gina dakali a cikin gurbin, tsayinsa daga ƙasa kamar inci 18, a yi masa murfin katako mai ɗagawa, a ɗora 'yar katifa ko buzu. Sama ya zama wurin zama na mutum biyu ko uku, ƙasa ya haɗiye barguna da gidan sauro da kayan sanyin da ba a taɓawa sai Disamba. A gidan haya mai ɗaki ɗaya da falo, inda akwati ke hawa kan akwati, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai a kula kada katakon ya taɓa ƙasa, don gara ba ta san tsadar kafinta ba. Wanda yake da 'yan makaranta kuma ya ɗaga shi zuwa inci 30 ya zama tebur, hasken Allah na sauka a kan littafi daga fuska uku, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Mai keken ɗinki, da mai ɗinkin hula, da mai kitso, da mai tsintar shinkafa, duk aikinsu na ido ne, kuma duk nan ya kamata su zauna. Amarya ma da za ta mai da jerenta can, da ta huta da sayen wani katafaren kabad da ke cinye rabin ɗaki, ko da yake na san wannan shawara ba za ta sami karɓuwa wajen iyayen amare ba, don su so suke a ga kabad ɗin. Abin da bai kamata a kai wurin ba shi ne magani, da tukunyar gas, da jarkar fetur, domin ko ta kalli kudu wuri ne da ke ɗumi.

Na san za a ce mini na manta da sutura, na manta da ɓarayi. Ban manta ba. Gidan Bahaushe da na maƙwabtansa Musulmi an gina shi ne a kan kada baƙo ya ga cikin gida, shi ya sa tagar ɗakin da ƙarama ce, tana can sama kusa da rufi. Halin rashin tsaro da yankinmu ya sha fama da shi kuma ya sa kowa na son ƙarfe a tagarsa. Amma amsar wannan ai ita ce ta mutanen Alƙahira da Jidda. Maimakon gilashi tsirara da labule mai kauri, a sa ragar katako ko ta ƙarfe mai ƙananan idanu daga ƙasa zuwa tsayin mutum a zaune, a bar sama a buɗe da ragar sauro. Maƙerin da ke walda ƙofofi a bakin kasuwa zai iya wannan in an zana masa. Kuma me ya hana a juya tagar ta kalli tsakar gida? Mun ɗauka dole ne ta kalli titi saboda don mutanen titi muka yi ta. Matar da ke wuni a cikin gida ita ta fi kowa buƙatar wurin da za ta zauna ta ga sama, ta ga yaranta suna wasa, iska na taɓa ta.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ita ce ta fi damuna. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa da bazara, kuma annobar 1996 kaɗai ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, galibinsu a arewa. Ma'aikatan lafiya kullum gargaɗinsu shi ne a yi rigakafi, a kuma guji cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Taga mai fuska uku ta fi kowace iya kamo iska, domin ko ta wane gefe ta buso akwai fuskar da za ta tarbe ta, muddin fuskokin gefen suna buɗewa. Yawancin waɗanda na duba a garinmu kuwa na gefen a liƙe suke da siminti, ta tsakiya kaɗai ke motsi, ita ma labule ya danne ta.

Kafin in bar gidan kawu na roƙe shi ya bar ni in kwashe tayar da jarkokin. Tun da ba yadda za a yi a juya ginin, sai muka kafa 'yar rumfar zana daga waje, muka dasa darbejiya nesa kaɗan da bango, wani kafinta ya haɗa mana benci mai murfi da ragowar katakon rufi. Uwargida ta shigo da kekenta tun a daren. Labulen dai kawu ya ce ba za a cire shi ba, don kuɗinsa ya fi na bencin, amma ya yarda a riƙa ɗaure shi gefe daga asuba zuwa azahar.