Kada Mu Shiga Kabari da Sunan Kakanninmu



A watan Mayu na 2025 wata tsohuwa mai suna Marthe Cohn ta rasu a Amurka tana da shekara 105. Bayahudiya ce, haifaffiyar Metz a Faransa, kusa da iyakar Jamus, shi ya sa take jin Jamusanci kamar 'yar gida. A 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Faransa suka tura ta leƙen asiri. Ta shiga Jamus ta ƙasar Suwizalan, tana cewa ita nas ce Bajamushiya mai cigiyar saurayinta soja. Ta haka ta gano inda rundunar Jamus ta yi kwanton ɓauna, ta kai labari. Da an gane asalinta da kashinta ya bushe, gama 'yar'uwarta ma a sansanin Auschwitz ta hallaka. Bayan yaƙi ta yi gum shekaru da yawa, sai a 2002 littafin tarihinta ya fito.

Ita dai ta samu zarafin buɗe baki kafin ta rasu. Iyayen Madeleine Albright ba su yi haka ba. Sun gudo daga Prague, suka rene ta a ɗarikar Katolika. Sai a 1997, tana da shekara 59, tana sakatariyar harkokin wajen Amurka, binciken wata jarida ya tabbatar mata cewa iyayenta Yahudawa ne, kuma uku daga cikin kakanninta sun mutu a hannun 'yan Nazi. A lokacin uwa da uba duk sun rasu, babu wanda za ta tambaya.

Wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. Mun san Esta, wadda Mordekai ya gargaɗe ta kada ta faɗi kabilarta a fadar Farisa. Ta yi shiru, ba a kuwa lissafta mata shi zunubi ba. Amma da ranar magana ta zo, ta yi magana.

Mu dawo gida. Wanda ya yi aiki a kamfanonin Sharada, ko majemun Challawa, ko masana'antun Bompai, ya san akwai masu suna biyu. Yohanna ne a majami'a, Yahaya ne a bakin ƙofar kamfani. Rifkatu ce a zumuntar mata, Rakiya ce a wurin aiki. Waɗanda suka ga tarzomar Oktoba 1991 da ta Mayu 2004, wadda ta yi muni ƙwarai a Sharada, sun san dalili. Akwai matan da suka yafa mayafi suka fita duba hanya, suka dawo suka faɗa wa maza ta inda za a bi. Akwai kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye iyalai a ɗakunansu, suka ce 'yan gida ne. Kada wani ya tsaya a kan bagadi ya kira waɗannan mutane matsorata. Wanda bai kwana a wurin ba, bai kamata ya yanke hukunci ba.

Damuwata ita ce abin da ke biyo baya. Kamfanoni da dama sun rufe, ma'aikata sun watse, dattawa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yaran da aka haifa a Kano ba su jin harshen kakanninsu, wasu ko sunan ƙauyensu ba su sani ba. Ran da uba ya rasu sai a rasa inda za a kai saƙo, gonar gado ta salwanta, har dangi na kusa su nemi juna da aure cikin rashin sani.

Wani zai ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Gaskiya ne. Ba a ce kowa ya yi shela a kasuwa ba. Amma ɓoye wa mai neman ranka dabam, ɓoye wa ɗan da ka haifa dabam.

Saboda haka ina roƙon dattawa su faɗaɗa littafin baftisma: a rubuta sunan kakanni, kabila da ƙauye, a adana shi wurin da ya dace. Zumuntar mata ta zauna da tsofaffinmu mata a rubuta abin da suka gani, har da sunayen maƙwabtan da suka cece su, domin 'ya'yanmu su san wanda suke bin bashin alheri da wanda yake bin su. Matasa kuma, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku tambaya tun masu amsa suna da rai.

Ubangiji ya ba mu hikimar sanin lokacin shiru da lokacin magana. Amin.